Janaretan Baffa Sule

Ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, farkon Oktoban 1979, aka sauke wani akwatin katako a ƙofar gidanmu a Makera. Shekarata goma sha biyu, muna tsakiyar 'yar gala-gala, muka watsar muka bi 'yan dako har tsakar gida. Janareta ne ja, ɗan madaidaici. Ƙanin babanmu, Baffa Sule, mai karatu a Ingila, shi ya saya ya aiko, don Inna ta sa an rubuta masa cewa ɗauke wuta zai kashe mata sana'a. Zoɓo mai ƙanƙara take yi, ni nake kaiwa bakin masaƙa a Kakuri, don ba a sa ni boko ba.

Baba ya zagaya injin, ya shafa shi, ya ce ba mai tayar da shi sai wanda ya saya ya dawo ya ja igiyar da hannunsa, wai rashin kunya ne a fara cin moriyar kayan mutum yana bayan teku. Aka kai shi ɗakin baƙi aka lulluɓe da sabon zanen gado. Aka ƙara mini aiki: bayan shara da ɗebo ruwa a famfo, sai na goge janareta kafin in ɗauki talla. Abokan Baba har daga unguwar Television suke zuwa kallo, ya yaye zanen ya nuna musu, ya mayar.

Da bazara ta kama, sai a kwana uku ba wuta. Ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami, in kai shi da ɗumi in dawo da shi, masu saye duk suka koma wurin wata. Inna ta gaji ta ce, "Malam, don ni fa aka aiko abin nan." Ya ce, "To ai ga shi nan, wa ya ɗauke miki?"

Shekara biyu muna haka. Kafin Baffa ya dawo, Inna ta sayar da firjin. Da ya dawo aka taru, ya ja igiya har rigarsa ta jiƙe, inji ko tari bai yi ba. Ashe zanzaro ya gina gida a bututun hayaƙi, ɓeraye sun cinye wayoyin. Inna ta shige ɗaki, ranar ba ta ɗora tukunya ba.

Bara ɗana da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mana da irinsa. Na ce a ranar za a tayar, ba na son tarihi ya maimaitu a gidana. Maigidana ne mai jan igiyar, yana yi yana tsokanata da labarin Baba. Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidan nawa, Allah ya jiƙansa, har yanzu ban daina kuka ba. Jikoki sun nemi su tayar, na hana. Jiya na tsinci kaina ina lulluɓa wa janaretan zane.

Har gobe ina jin haushin Baba, amma shi ko ba komai, wanda yake jiran ya dawo.