Ƙarar motata ta tara mini mata a Kelle

Ina tsayawa bakin rijiyar wani ƙauye kusa da Kelle, sai na tarar da mata sun jeru da goyonsu. Ban aika wa kowa cewa yau zan zo rigakafi ba.

Aikin lafiya nake yi a Gure. Ƙaramar motata ta sha kafewa a rairayi, sai ƙanena ya kai ta Damagaram, aka jona mata ordinata, wato kwamfuta, aka sake saita ƙwaƙwalwar injin, aka canza bututun hayaƙi. Ƙarfi kam ta samu, amma ƙararta sai ka ce injin niƙa. Don kunya har na yi niyyar a mayar da tsohon bututun.

Na tambayi wata tsohuwa, "Inna, wa ya gaya muku ina tafe?"

Ta ce, "Motarki mana, ɗiyata. Tun daga bayan tudu muke jin ta. Da, sai kin tafi na gona suke samun labari. Yau kowa ta ajiye hauya ta taho."

Na kira ƙanena na ce a bar ta haka.

Maƙwabtana, ku yi haƙuri da ni. Ku da kun kasance a matsayina, za ku cire sabon bututun?