Kawu Bitrus da Taken Bincikena

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon Kawu Bitrus a Barnawa ya san halinsa. Ba ya taɓa tafireta sai ya karanta taken aikin da ƙarfi, da numfashi ɗaya. In numfashi ya ƙare taken bai ƙare ba, sai ya miƙo maka takardarka. Ga shi da asma! Wani lakcara ya taɓa ce masa, "Baba, bugu na kawo, ba gyara ba." Kawu ya ce, "To, kai wa mai huhu."

Ni da nake 'yar ƙanwarsa na ɗauka za a yi mini sassauci. Ina! Shekarar da soja suka koma bariki nake neman digiri na uku. Sau biyu ana ƙin takena, in aka ƙi na uku gurbina ya tafi. Lokacin kowa dimokuraɗiyya yake rubutawa, ni ma na kawo "Makomar Dimokuraɗiyya a Afirka". Ya karanta ko haki bai yi ba.

"Afirka duka? Ke Rahila, da ko Kafanchan sai kin yi amai a mota?"

"Kawu, jibi za a rufe karɓar take."

"Su rufe. Shekara talatin ina buga ƙaryar manya a ofis, ba zan ƙara da taki ba."

Raina ya ɓaci, na ce mutumin da firamare kawai ya gama, me ya sani? Ya kulle shago da rana tsaka, ya tasa ni gaba har Kakuri, ƙofar masaƙa, inda matan da aka sallama suke sayar da abinci ga waɗanda suka rage.

"Tambaye su wa suka zaɓa, kuma me suke jira."

Har la'asar ban gama da mata uku ba. A kansu na rubuta, aka kuwa karɓa. Farfesa ya tambaye ni wane masani ya ba ni shawara, na ce wani ne a Barnawa.

"A wane sashe yake?"

"Tsakanin mai faci da mai wanki, ranka ya daɗe."

Babi huɗu Kawu ya buga mini yana tsaki. Na biyar ni na buga da yatsa biyu, bayan mun binne shi. Kullum ina cewa sai na gama zan ba shi haƙuri kan waccan magana ta firamare. Ka yafe mini, Kawu. Allah ya ba ka hutawa.