Katakan Bawa Direba

Ku da kuka san Bawa Direba kun san ba ya tayar da mota sai ya ɗanɗani ruwan lagireto. Ya tsoma yatsa, ya lasa, ya dubi sama, sannan ya ce, "Tsaya in diba." Wallahi har yau in na ji kalmar nan sai raina ya ɓaci. Tun da aka yi masa sutura kuke ta cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri. Ku ba ku shiga daji da shi ba. Ni na shiga, shekara shida.

A shekarun saba'in ina aikin allurar shanu a Gusau, shi ke jan jif ɗinmu. Mukan yi mako biyu a daji, muna bin rugage muna kwana a tanti. Maganin allurar ba ya son zafi. A cikin akwatin ƙanƙara muke ɗaukarsa, ƙanƙarar kuwa daga firjin kananzir na Maman Ngozi a Sabon Gari nake karɓo ta da sassafe. In ta narke kafin mu isa ruga, magani ya zama ruwan banza. To ni ina tsaye ƙanƙara na zuba, Bawa kuwa ya shimfiɗa tabarma ya sauke duk abin da ya loda jiya. Jak, shebur, gatari, igiya, faci, jarkar mai, salkar ruwa, da wasu katakai biyu masu kauri da ake sa wa taya in mota ta kafe a rairayi. Yana kiran sunan kowanne yana mayarwa. In ka yi magana ya ce ka ɓata masa, ya koma farko.

Wata tafiya da za mu yi 'Yankuzo, sai da muka kafa tanti na ga babu katifata. Ya sauke ta a Tsafe ya sa tayar safaya ta biyu a gurbinta. Na dinga faɗa har makiyaya suka taru. Ya bari na gama, ya ce, "Likita, kai in kat tashi da ciwon baya kana tahiya. Ita in ta rasa taya ba ta tahiya." Kwana goma sha ɗaya na yi a ƙasa, taya na jingine a inuwa ya lulluɓe ta da buhu.

Sai zancen sabulu. Yana da sandar sabulu guda a akwatin spana, wai na toshe tankin mai ne in dutse ya huda shi. A gulbin Bungudu na ɗauka na yi wanka. Kwana uku bai yi mini magana ba, sai dai ya gaya wa mota. Ya dafa sitiyari ya ce, "Hwaɗa ma likita, in tanki ya hwashe shi kwanta ƙasa shi toshe da bayanshi, tunda shi am mai sabulu." Ina zaune kusa da shi, kafaɗarmu na gugar juna!

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Ciwon huhu ya ɓulla a garkunan da ke bayan Magami, Ardo Juli ya aiko a zo a yi wa shanunsa allura tun bai kai gare su ba. Na karɓo akwatin ƙanƙara biyu, na rasa wurin sa na biyun. Bawa ya tafi cika salka, ni kuwa na jawo katakan nan na jefar bayan ofis. Da ya dawo ya ce tsaya in diba, sai na daka masa tsawa a gaban mutane, na ce in ya taɓa igiyar kayan nan takarda zan rubuta a kansa. Ranar ce kaɗai ya tashi bai duba ba.

A tsakiyar wani rafi mai rairayi muka kafe. Ya hau baya ya laluba, ya sake lalubawa, ya sauko ya dube ni. Sai ya ɗauki shebur. Sai la'asar ɗin washegari muka fita, akwatunan sun zama ruwa. Kafin a samo wani maganin, ciwon ya shiga garken Ardo. Na ga dattijon nan tsaye a kan sanuwar da ya gada daga ubansa, yana kuka.

Da babbanmu ya tsare mu a ofis, ina buɗe baki Bawa ya riga ni. Ya ce shi ya manta da katakai. Bawa, ya manta! Mutumin da ba ya manta allurar ɗinkin tanti! Aka karɓe masa jif, aka mayar da shi wankin motoci har ya bar aiki. Ni kuwa na bar shi ya ɗauki laifina, don tsoro ya kama ni.

Bayan mako guda na same shi a gida, na ce gobe zan je in faɗi gaskiya.

"Ɗiyanka huɗu, duk ƙanana. Nawa sun girma," in ji shi. "In kat tahi, ni ka cewa ƙarya kakai, kuma ni za a yarda da shi. Mi kaka so kuma?"

Na ce ya zage ni ko sau ɗaya. Ya ce ba ya da lokaci, zai duba akuyarsa.

Abin da ke cina ke nan. Ya hana ni biyan laifina, ya hana ni ko zagin da zan samu sauƙi. Duk sallah sai ya zo gaishe ni yana tambayar yara da sunansu, ni ina jin kamar in nutse.

Jiya babban ɗansa ya yi sallama ƙofar gidana da katakai biyu a kan amalanke, sun yi baƙi don tsufa. Ashe tun dawowarmu daga tafiyar Magami ya tsince su a bayan ofis. Wai ya bar wasiyya a kawo wa likita, ya san amfaninsu. Na zage shi tas a zuciyata, sannan na zauna a kansu na kasa tashi.

Ya Allah, Bawa ya rufa mini asiri ban roƙe shi ba. Ka rufa masa nasa, Ka sa ya tarar da kayansa cif, babu abin da aka sauke masa a hanya. Amin.