Sarƙar da Tasi'u Ya Ɗaure Jirginsa

Malam Tasi'u mutumin Lakwaya ne, amma sana'ar su, wato kamun kifi, ta kai shi bakin wani dam a ƙasar Kabo, ya kama gida a ƙauyen da ke gefen ruwan, shi da matarsa Hajaratu. Bai gaji su ba, noma ya gada. Da girmansa ya koyi jefa birgi, ragar kamun kifi, shi ya sa yake riƙe kayan sana'arsa kamar ƙwai.

Jirginsa na farko ɓarayi ne suka kwance masa, suka haɗa da ragar kalli da filafilin tuƙa jirgi. Ya zaga bakin ruwan kaf, ya je har Karaye yana cigiya, ko katako ɗaya bai gani ba. Damina guda ya yi yana ƙwadago a gonakin mutane kafin ya sake sa a sassaƙa masa wani.

Wannan karon bai yi wasa ba. Ya sa mai walda a Gwarzo ya haɗa masa sarƙa mai kaurin dantsen yaro, ya haƙa rami a bakin gaɓa ya dasa ƙarfe ya zuba kankare. Ƙaton kwaɗo yake sa wa sarƙar. Filafili da gwangwalar tuƙi da ragar koma kuwa gida suke kwana, mukullan kuma suna ɗaure a mazagin wandonsa. Masunta suka riƙa tsokanarsa, wai ko matarsa ba ta samun irin wannan tsaro. Shi dai murmushi yake yi. An sake yin sata a wurin har sau biyu, nasa ba a taɓa ba, sai masu dariyar suka fara tambayarsa sunan mai waldar.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Jibirin, mai lambun tumatir da albasa a kusa da inda jirgin yake. Tare suke cin tuwon rana, Tasi'u ya kawo kifi, Jibirin ya kawo kayan miya.

Wata ranar kasuwa Tasi'u ya kulle jirgi ya hau babur zuwa Gwarzo sayen zaren gyaran koma. Sauran masunta duk sun tuƙa can ƙetare inda kifi ya taru. Yana tsaye gaban mai zare wayarsa ta yi ƙara. Inna Uwaliya ce, dattijuwar da ke suyar kifi a bakin dam. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

"Tasi'u, ina mukullin? Jibirin yana cikin ruwa."

Bai san yadda ya hau babur ba. Abin da ya faru daga baya ya ji shi a bakin Uwaliya. Tiyon injin ban ruwa ne ya toshe, Jibirin ya shiga gyarawa, laka ta zame da shi zuwa wani rami mai zurfi. Bai iya iyo ba, amma Allah ya haɗa shi da wani busasshen kututture da ke tsaye a ruwan, ya rungume shi. Daga gaɓa ana ganinsa, ana jin yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Mata ne kawai a wurin da wasu tsofaffi biyu. Jirgi yana gabansu yana lilo a kan ruwa. Suka buga kwaɗon da dutse, suka sa fartanya, wani ya ruga cikin gari neman zarto. Sarƙar ko gezau. Suka ƙulla mayafai suka jefa, bai kai ba. Kafin zarton ya iso kututturen ya karye.

Da Tasi'u ya iso, masuntan ƙetare sun riga sun dawo sun fito da shi, an shimfiɗe shi a kan yashi an rufa masa zane. Tasi'u ya tsaya da mukulli a hannu. Ya dubi zanen, ya dubi kwaɗon da duwatsu suka lallauye amma bai buɗe ba. Hannun Uwaliya duk jini. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya zauna daɓas a cikin laka.

A wurin zaman makoki yayan Jibirin ya kama hannunsa ya ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya ga laifinsa don ya tsare dukiyarsa. Limamin gari ma haka ya faɗa. Tasi'u ya gyaɗa kai kawai. A gida Hajaratu ta kan ajiye masa abinci ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Ya daɗe bai leƙa bakin ruwa ba, har ruwa ya cika jirgin ya nutse rabi.

Uwaliya ce ta zo har gida ta same shi. Ta ce lambun Jibirin yana bushewa, ga iyali ya bari, shi kuma Tasi'u yana zaune kamar shi ne ya mutu. Sannan ta miƙa masa hannu.

"Ba ni mukulli ɗaya, ɗan nan. Kullum ina wurin."

Ya kwance ya ba ta. Daga baya sarkin ruwa, shugaban masunta, ya tara su, aka yi shawara kowa ya kulle jirginsa yadda ya ga dama, amma a bar mukulli da filafili ɗaya a rumfar Uwaliya muddin rana tana waje.

Tasi'u ya koma sana'ar su. Da safe yana kan ruwa, da yamma yana lambun marigayin yana ban ruwa tare da Zinnira, matar da Jibirin ya bari, har aka cire albasar shekarar. Duk sanda tiyo ya toshe, shi yake shiga, kuma ba ya barin kowa ya matso.