Ranar da Jiniya ta Sake Kuka

Kowa a layin bayan tanki Sifana yake kiransa, har jikokin maƙwabta da ba su taɓa ganinsa riƙe da sifana ba. Fita ne, wato mai gyaran injuna, a ɗakin saƙa na babbar masaƙar garin, tun gashin bakinsa bai gama tsirowa ba har furfura ta kama shi. In injin saƙa ya fara tari, ko ƙoshiya ta ƙi wucewa, shi ake ɗaga wa hannu, domin a ɗakin nan ba a kira da baki. Ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa. Shi ya sa har gobe in yana hira a ƙofar gida sai ka rantse faɗa yake yi. Sau da yawa ma faɗan yake yi.

Unguwannin nan duk masaƙa ce ta haife su. Masu rini suna da layinsu, kuma ba sai ka tambaya ba, hannayensu shuɗaye ne har wuyan hannu, lambatun da ke bayansu yau ja, gobe kore. Masu kaɗin zare suna gangare, su ne ke dawowa gida da auduga a gira kamar sun tsufa a yini ɗaya. Fitoci da masu hura tukunyar tururi suka tare a bayan tanki, suna taƙama su ne masu ƙarfe, sauran duk masu tsumma ne. Amma mai mulkinsu duka ita ce jiniyar da ke kan rufin masaƙa. In ta yi kuka da safe, layuka su cika da ƙarar takalma da ƙararrawar keke. In ta yi da rana, mata su fito da kulolin abinci su yi jerin gwano zuwa bakin ƙofa. Da ita ake ɗora tukunya, da ita ake korar yara makaranta. Ba mai agogo a layin, kuma ba mai makara.

To, wata rana aka tara su a fili, manaja ya hau matakala da farar riga tas, ya ce: "Ba korarku aka yi ba, jama'a. Zare ne ya yanke. Ku je gida ku huta, in kun ji jiniya ku dawo."

Wannan maganar ce ta cuce su, kuma Allah ya isa tsakaninsu da wanda ya faɗe ta. Da ya cika namiji, da ya dubi idonsu ya ce an rufe, kowa ya kama gabansa. Da sun yi kuka, sun yi zagi, sun tashi sun nemi abin yi tun da sauran ƙarfi a jikinsu. Amma tsoro ya hana shi, ya gwammace ya ɗaure ɗaruruwan magidanta da igiyar da ba a gani, shi kuwa ya shiga mota ya yi gaba. Ba a sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Masu wayo suka gane da wuri. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka kama tura baro, wasu suka bi 'ya'yansu. Lambatun masu rini ya koma baƙi kamar na kowa. Shagunan bakin ƙofa suka rurrufe, ciyawa ta fasa simintin fili. Sifana kuwa ya kafe. Kullum da safe zai fito da akwatin kayan aikinsa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai maiƙo, ya mayar. Kakinsa na rataye a bayan ƙofa, wankakke. In aka ce masa jiran gawon shanu yake yi, sai ya taso kamar zai ci mutum ɗanye.

"Ni ba a kore ni ba! Kai aka kora? Ni da kunnena na ji abin da aka ce!"

"Da wane kunnen?" in ji Dogo mai rini, abokinsa na yarinta. "Kunnen da inji ya cinye?"

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan taurin kai ita ce matarsa. Ɗakinsu yana yoyo, bangon yana tsatsafo da danshi, tari kuma ya kama ta ya ƙi saki. 'Yarsu Auta, da ke aure a wani gari mai nisa, ta gyara musu ɗaki tun tuni, ta yi roƙo har ta gaji. Duk haihuwar da Auta ta yi, sai dai uwar ta je ta yi 'yan kwanaki ta dawo, saboda ba mai dafa wa tsoho.

"Maigida, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi," take ce masa. "Mu tafi wurin yarinyar nan tun muna iya hawa mota da ƙafarmu."

"A can zan ji jiniya? In aka busa ba na nan, wa zai tayar da injunan? Yaran yanzu?"

"To, ni dai na gaya maka. Wata rana za ka waiwaya ba ka gan ni ba."

Sai ya yi mata kunnen uwar shegu, abin da bai taɓa yi masa wuya ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har wata safiya yana tsugune yana goge sifanunsa, jiniya ta yi kuka.

Da farko ya ɗauka kunnensa ne ke yi masa shegantaka. Sai ya ga matarsa ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu, baki buɗe. Kukan ya tashi, ya yi sama, ya sauko a hankali yadda ya saba. Tsumma ya faɗi daga hannunsa.

"Kin ji? Kin ji ko? Ina masu cewa na haukace?"

Ita da ta yi shekara da shekaru tana yi masa gori, ita ta ciro kakin daga bayan ƙofa, ta taya shi saka maɓallan da suka ƙi haɗuwa a kan cikinsa.

Da ya fito, ashe ba shi kaɗai ba ne. Tsofaffi na ta ɓullowa daga lunguna, wani da sanda, wani yana jan ƙafa, wani da takalmin aiki da ya bushe ya ƙi shiga sai ya taka bayansa. Har Dogo, sarkin tsiya, ga shi nan yana sauri yana haki.

"Ina za ka, mai tsumma?" Sifana ya daka masa tsawa yana dariya. "Ba ka ce an rufe ba?"

"Rufe mini baki, tafiya nake in ga ƙarshen haukarka!"

Ƙofar masaƙa a buɗe take, karo na farko tun ranar nan. Sai dai ba hayaƙi a bututu. Manyan motoci ne a fili, da wasu ƙarti suna yanka ƙarfe da wutar walda. Injunan saƙa an fito da su an jibge a rana, ƙafafu sama. Sifana ya gane nasa tun daga nesa, na bakin taga, wanda ya yi wa ƙari a hannun birki. An raba shi biyu.

Wani mai ƙaton ciki, da alama shi ne ubangidan masu yankan, ya tako yana kallonsu da mamaki.

"Baba, lafiya? Me aka yi?"

"Mun ji jiniya," in ji Sifana.

"Au, wannan? Gwada ta muka yi. Wanda zai saya ya ce sai ya ji tana aiki, in ba haka ba a haɗa ta da sauran ƙarafan a auna." Ya dubi kakin da akwatin, sai ya gane, ya kasa riƙe dariyarsa. "Kai, baba! Wai aiki kuka zo?"

Sifana ya yi kansa da akwatin, Dogo da wasu suka rirriƙe shi. Ya zagi mai cikin, ya zagi manaja da wanda ya haifi manaja, ya zagi duk wanda ya ci gumin ɗakin nan ya goge baki. Muryar da ta fi ƙarfin injuna ta cika filin, har masu walda suka kashe wuta suna kallo. Amma zagi ba ya haɗa ƙarfen da aka yanke. Aka tura su waje, aka ja ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka juya gida, ba mai duban idon wani. Sifana kuwa ya zauna a kan akwatinsa a gindin katanga, domin bai san da wane baki zai shiga gida ba.

Yana nan har rana ta take tsaka. Sai ya hango matarsa tana tahowa, ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, kular abinci a hannu. Tana tafiya tana tsayawa ta yi tari. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata a hanya.

"Har an fito hutun rana?" ta tambaye shi tana murmushi. "Ban ji an busa ba."

Nan take aka buɗe ƙofa, babbar mota ta fito a hankali, maƙare da guntayen injuna, jiniyar a ɗaure a samansu da igiya. Ta bi motar da kallo har ta sha kwana. Sannan ta ajiye kular a gabansa.

"Jikokina sun girma ban goya ko ɗaya ba," ta ce. "Ƙirjina ya ruɓe a ɗakin nan. Wannan muke jira?"

"Ki haɗa mana kaya," ya ce, kuma tunda take da shi ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. "Gobe mu tafi wurin Auta."

"Nawa zan haɗa," ta ce. "Kai ka zauna, kada a busa ba ka nan."

Ta juya ta kama hanya, ba ta waiwayo ba.