Kitson da Ya Fitar da Ni

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ni ba, wasu har sun ce na yi kuɗi na manta mutane. Ina fa! Asibiti nake.

Da tari abin ya fara, sai zazzaɓi, sai numfashi ya zama kamar ana soka mini allura a haƙarƙari. Na sha maganin kemis har na gaji. Ranar da na faɗi a tsakar gida aka ɗauko ni daga Muchalla zuwa Mubi.

Hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari a karye, mugunya ta taru a huhu. Aka huda gefena aka sa roba. Allura safe da yamma, ƙarin ruwa, kuɗin magani sai da aka sayar da awakina.

Likita ya ce, "Madam, me ya same ki?"

Kafin in buɗe baki maigidana ya amsa: "A mashin ta faɗi, likita."

Shi ya karya ni, kuma shi ne mai jinyata. Wayata tana aljihunsa. Shi ke ba ni kunu a baki, matan ɗakin suna ta cewa na yi dacen miji. Yayata ta zo dubiya, yana zaune a bakin gadon har ta tafi. Wallahi na fi tsoron sallama fiye da ciwon, don na san gidan da za a mayar da ni.

Wata Asabar wasu mata suka shigo da mataji da man kitso. 'Yan wata gidauniya ce da aka kafa don tunawa da wata malamar makaranta da dukan miji ya kashe. Ba sa wa'azi, kitso kawai suke yi wa marasa lafiya. Kun san maza da kitso, duk suka fice, har da nawa.

Wata dattijuwa ta tsefe kaina. Yatsunta suka tsaya a kan wani tsohon tabo, suka matsa, suka sake tsayawa.

Ta sunkuyo ta ce, "'Yata, mashin ba ya buga mutum sau da yawa haka. Ni ce uwar marigayiyar malamar. Kina so ki koma gidan?"

Na girgiza kai kawai, hawaye na zuba.

Su suka kira yayata da likita. Ranar sallama, gidan yayata a Lamorde aka kai ni, maganar kuma tana gaban alƙali. An cire robar, ina numfashi, alhamdulillahi. Har yanzu in na ji mashin ya tsaya a ƙofa gabana na faɗuwa.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan ɗakin mata, da Mama mai kitso.

Tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku je a yi hoto. In kuma kun je duba mace, mijinta na amsa mata kowace tambaya, ku aike shi sayen ruwa, ku tambaye ta da kanta. Ni kullum amsar tana bakina, ban dai samu an bar ni ni kaɗai ba.