Haruffan allon shagon Baffa

"Wa ya ba ki wannan rubutun?"

Da haka Baffa, yayan mahaifina, ya tare ni a ƙofar shagonsa na hatsi a Taura. Ko gaisuwata bai amsa ba. Sabon allon da na zana masa yana jingine da bango, an kife fuskarsa.

Ni na dage sai na yi masa da haruffan nan na da, masu ƙiba da lanƙwasa da inuwa, irin na jikin tsofaffin motocin kaya. A Dutse masu aski da masu shayi rububinsu suke yi. Amma Baffa ba ya son wasa, kuma shi yake riƙe da mu tun rasuwar mahaifina. Na ce a raina shi ke nan, na mayar da sunan dattijo abin dariya a kasuwa.

"Baffa, ka yi haƙuri, zan sake wani."

"Tambayarki na yi."

Na ce a hoton wata tsohuwar mota na gani cikin akwatin Umma, na kwaikwaya a kwamfuta.

Sai ya ce:

"Hannun ubanki ne. Shi ya rubuta jikin motar nan tun ba a haife ki ba. Da aka kawo allon, kasa kallonsa na yi."

Ya share ido, ya ce yau za a kafa shi.

Shekara shida ina wannan sana'ar, ashe gado na yi ban sani ba. Ku me kuka gano game da iyayenku bayan sun rasu?